Lavenham, garin karkatattun gidaje: a kai Hajiya ko a bari?

Maman Hanifa
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Hajiyarmu ta zo mini wankan jego daga Kano, mun yi arba'in satin jiya, kuma tun da ta sauka ban da asibiti da kanti babu inda ta leƙa. Jiya ta ce mini in ɗaurin talala aka kawo ta a yi mata, to a fito fili a faɗa mata. Baban Hanifa yana da hutu ranar Asabar. Wata abokiyar aikina ta ce mu je Lavenham, wai ba nisa daga nan Colchester da muke zaune a Ingila. Wanda ya taɓa zuwa ya gaya mini tsakani da Allah, akwai abin gani? Ƙafar Hajiya ba ta son doguwar tafiya, ga kuma keken jariri.

Kawu Direba
Wa alaikumus salam. Barka da arziki 'yata, Allah ya raya. Na sha kai fasinja garin nan. Abin da ke can dai tsofaffin gidaje ne na katako, duk sun karkace, wannan ya jingina da wancan kamar 'yan dambe sun galabaita. Sai wani ƙaton coci da shagunan shayi. Ki ɗauko mutum tun daga Kano, garin ganuwa da Kurmi, ki ce tsohon gida za ki nuna mata? Ku kai ta bakin teku a Clacton ta sha iska, ta ga ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa. Wannan ne babu a gida.

Autan Zaure
Kawu ya gama magana 😂 Wai a ƙona mai a je kallon gidan da in a unguwarmu ne da tuni mai unguwa ya ce masu shi su kwashe kafin damina.

Anti Malama
Kawu, da girmanka da komai, wannan karon ban bi ka ba. Kai ratsa garin kake yi, ka sauke fasinja ka juya kan mota. Ni sau biyu ina raka 'yan ajinmu can, kuma duk zuwa sai na ga abin da ban gani ba a baya.

Garin yau ɗan ƙarami ne, mutanensa ba su kai dubu biyu ba, yana cikin yankin Suffolk tsakanin Sudbury da Bury St Edmunds. Amma a 1257 Sarki Henry na 3 ya ba shi takardar izinin cin kasuwa, daga nan ya riƙa haɓaka da sana'ar ulu har ya zama garin masaƙa. A lissafin harajin 1524 shi ne na 14 a arziki a duk Ingila. Ya biya abin da ya fi na York da Lincoln, manyan birane masu ganuwa da manyan limaman coci. Ku duba fa, ƙauyen da za ka zaga da ƙafa cikin awa ɗaya. Gidajen da Kawu yake wa dariya na attajiran wancan zamanin ne, kuma fiye da ɗari uku daga gine-ginen garin suna cikin rajistar kariya ta gwamnati.

Maman Hanifa, in za ku tambayi hanya kada ki ce "Laben-ham", ba a jin harafin h ɗin. "Lavnam" mutanen wurin suke cewa. Ni sai da wata tsohuwa ta gyara mini a gaban ɗalibaina.

Autan Zaure
Malama ma an yi mata gyara, to mu su wa.

Ɗan Karofi
Ni dai ina da magana, don abin ya taɓa gidanmu. Maman Hanifa, in Hajiya mutuniyar cikin birni ce, ki kai ta. Dalilina ɗaya ne: arzikin garin nan na marina ne. Yadin da ya fitar da sunansu shuɗi ne, har sunan garin ake kiransa da shi, kuma an kai shi har Rasha. Ba su da baba irin namu, wani ganye suke amfani da shi mai suna woad, dangin kabeji, mai furanni rawaya. Amma sinadarin da ke ba da shuɗin ɗaya ne da na babanmu, sai dai nasu ya fi rauni, dole a tara ganye mai yawa kafin a sami abin kirki.

Kakana marini ne, na tashi ina ganin ana zuba baba da toka da katsi a rijiyar rini, a bar shi kwanaki ya ruɓa, a riƙa motsawa da muciya. Ranar da na shiga Guildhall ɗin Lavenham, tsohon zauren taron attajiran garin da ya zama gidan tarihi, na ga bayanin yadda suke yi, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Jiƙawa ɗaya, jira ɗaya, kuma yadda zare yake fitowa kore-kore daga cikin ruwa, iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka, duk ɗaya. Bambancin da na lura, su ulun suke rinawa tun kafin a kaɗa a saƙa, shi ya sa launin ba ya kuɗewa. Mu ma ai haka ake rina zaren saƙi kafin ya je hannun masaƙi. A bayan ginin akwai ɗan lambu da suka shuka ganyayen rini, har da woad ɗin. Can nake so a kai Hajiya.

Baƙon Damagaram
Salamu alaikum daga Faransa. Ɗan Karofi ya tuna mini wani abu. Ganyen nan a nan pastel ake ce masa, kuma kudancin ƙasar nan, wajen Toulouse da Albi, shi ya azurta su a ƙarni na 15 da na 16. Ana daka ganyen a dunƙula shi curi-curi a shanya, kamar dai yadda ake curin baba a wajenmu, sannan a yi lodi a jirgin ruwa zuwa Ingila da sauran ƙasashe. Har yau manyan gidajen dillalan pastel suna nan tsaye a Toulouse. Abin da ya karya su shi ne shigowar baban Indiya, wanda ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ɗan Karofi
Shi kuma baban Indiya na kanti ya karya shi, tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuɗin roba a 1897. Guguwar ce ta iso har karofinmu daga baya. Je ka Ƙofar Mata ka ƙirga rijiyoyin da ke aiki da waɗanda suka zama juji.

Af, har da warin ma ɗaya ne. Sarauniya Elizabeth ta 1 sai da ta hana a sarrafa woad kusa da fadojinta saboda ɗoyi. Duk wanda ya taɓa wucewa ta karofi da rana tsaka ya san ba ta yi ƙarya ba.

Kawu Direba
To na ji na rini. Amma karkacewar fa? Attajiri ne zai gina gida a karkace?

Injiniya
Kawu, a miƙe aka gina su. Ɗanyen icce suka yi aiki da shi, wani mai tauri da ake kira oak, don in ya bushe gatari da kurfi ba sa cin sa da sauƙi. Sai a sare shi a sassaƙa tun yana ɗanye, a haɗa gungume da gungume da turakun icce, babu ƙusar ƙarfe. Tsakanin ginshiƙan kuma a saƙa ƙirare a yaɓe da laka da aka cuɗa da ciyawa da gashin dabba da kashin shanu, a shafe da farar ƙasa. Shekaru suna tafiya iccen yana bushewa yana murɗewa, ga harsashin ba mai zurfi ba, ƙasa tana motsawa. Wani gidan ma daga baya aka huda shi aka sa masa bututun hayaƙi na bulo mai nauyi, ko aka yanke wani ginshiƙi don a faɗaɗa taga. To ina zai tsaya daidai? Abin mamakin shi ne bai faɗi ba. Haɗin yana ba da kai, yana lanƙwasa, amma ba ya ɓallewa.

In kun je ku lura da abu biyu. Benen sama yana turo ƙirji ya wuce na ƙasa, ya leƙo kan titi. Wannan yana ƙara faɗin ɗaki kuma yana kare bangon ƙasa daga ruwan sama. Na biyu, a gidajen manya za ku ga ginshiƙan a jere kusa-kusa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi faɗin iccen ba. Ginin bai buƙaci haka ba, nuna isa ne kawai, don icce kuɗi ne. Kamar dai mutum ya yi wa soronsa daurin guga da zane a ƙofar gida, a san ya tara.

Wanda ya fi kowanne karkacewa yana kan High Street, mai launin ruwan lemo, an gina shi wajen ƙarshen ƙarni na 14. Benensa kamar zai zame ya sauko.

Kawu Direba
Madalla. To yanzu ku amsa mini wannan, ke Malama da kai Injiniya. Me ya sa gidajen suka kai yau? Don ni na gaji da jin "Turawa sun iya adana tarihi, mu ba mu iya ba". Wani fasinjana ɗan garin, dattijo, shi ya ce mini da bakinsa: kakanninmu ba adanawa suka yi ba, kuɗin rushewa ne ba su da shi. Talauci ne ya tsare gidajen nan, ba wayo ba.

Anti Malama
A nan kam Kawu ka yi gaskiya, ba zan ja ba. Arzikin bai daɗe ba bayan 1524. Yaƙe-yaƙen Turai sun toshe kasuwannin waje, ga haraji. A 1525 da Sarki Henry na 8 ya ƙaƙaba wani sabon haraji don yaƙin Faransa, dubban mutane ne suka taru a Lavenham suka yi bore, masaƙa da masu kaɗi waɗanda attajirai suka sallama saboda babu kuɗin biyansu, har sai da sarki ya janye. Daga baya kuma 'yan gudun hijira daga Holan da Flanders suka sauka a Colchester, garinku Maman Hanifa, a zamanin Elizabeth ta 1, suka zo da saƙa mara nauyi mai araha. Unguwarsu tana nan har yau ana kiranta da sunansu. Jama'a suka koma wa sabon yayi, yadin Lavenham mai kauri ya rasa masu saye.

A garuruwan da kuɗi ya ci gaba da shiga, a ƙarni na 18 an rushe gidajen katako an yi na jan bulo, ko an rufe musu fuska da bulo don a ce an waye. Mutanen Lavenham sai dai su raba babban gida gida uku, iyali uku su shiga, a shafe bango da filasta a ci gaba da zama. Sun koma kaɗa zare suna sayar wa masaƙan wasu garuruwa, daga baya a ƙarni na 19 har saƙar gashin doki da tabarmar ɓawon kwakwa sun yi don neman abin kai wa baka.

Kawu Direba
Alhamdu lillahi. Auta, rubuta ranar nan, Malama ta ce na yi gaskiya.

Injiniya
Rabin gaskiya Kawu. Talauci ya kawo su har wajen 1900, amma daga nan talaucin ne ma ya so ya cinye su. Lokacin masu kuɗi suna sayen tsofaffin gidaje a ƙauyuka, a kwance su gungume-gungume a kai wani wuri a sake haɗawa. A 1911 an fara kwance Wool Hall na Lavenham, wani tsohon zauren katako, don a tafi da shi. Mutane suka tayar da ƙura, aka yi ta kai gwauro ana kai mari, har aka dawo da katakon aka mayar da ginin inda yake. Yanzu yana cikin otal ɗin Swan. Wannan ba talauci ba ne, mutane ne suka ce a'a.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu doka ta zo ta rajistar gine-gine, wadda ta sa taɓa irin gidan nan ba da izini ba laifi ne da ake gurfanar da mutum a kotu. A 1951 aka miƙa Guildhall ga National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi. A 1967 har wayoyin da ke rataye a kan tituna aka binne a ƙasa don kada su ɓata fuskar garin. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai da wani ya zauna ya yanke shawara, wani ya fitar da kuɗi.

Kawu Direba
To wa ke zaune a ciki yanzu? Jikokin masaƙan? Ni nake ɗauko masu share otal da masu wanke kwanuka daga Sudbury da sassafe, don ba za su iya kama haya a garin ba. Gidajen sun koma hannun 'yan fansho masu kuɗi daga Landan da masu ba baƙi haya na kwana biyu. Filin kasuwar da Malama take ta ambato, je ki gani, motoci ne a fake. Garin kasuwa babu kasuwa. An adana kwarya an zubar da furar.

Ɗan Karofi
Wannan maganar ta Kawu ta fi ta farko nauyi. Ko marini ɗaya babu a garin mai yi don ci, sai dai nuni ga baƙi. Mu kuwa namu marinan suna nan da ransu, hannuwansu shuɗi har gwiwar hannu, turkuɗin Kura har yanzu yana zuwa Agadas. Sai dai wurin ne yake lalacewa. Su suna da wuri babu sana'a, mu muna da sana'a wurin yana zubewa. Ban san wanda ya fi wani asara ba.

Injiniya
Kuma kada a manta ginin ƙasa ba kamar oak ba ne. Katanga in ba a yi mata yaɓe duk shekara ba, damina uku ta isa. Namu adanawar aikin kullum ce, ba a yi a gama. Shi ya sa kwatancen kai tsaye ba ya yi mini daɗi.

Shugaban Zaure
Jama'a, baiwar Allah tambaya ta yi a kan fitar Asabar, kun kai mu karofi kun dawo. A ba ta abin da za ta yi amfani da shi.

Anti Malama
Tuba muke ranka ya daɗe. Maman Hanifa, ga yadda zan yi in ni ce. Daga Colchester a mota ba zai kai awa ɗaya ba. Jirgin ƙasa ba ya zuwa, an rufe tashar ga fasinja tun 1961, wanda ba shi da mota sai ya sauka a Sudbury ya hau bas. Garin a kan tudu yake, don haka Baban Hanifa ya fara sauke ku a filin kasuwa, sannan ya je ya nemi wurin ajiye mota. A filin nan kusan komai yana kusa. Ga Guildhall, ga Little Hall, ga ginshiƙin dutse na tsakiyar kasuwa da wani attajirin yadi ya bar wasiyyar a gina a 1501.

Guildhall ɗin an gina shi wajen 1530. Ba ƙungiyar masaƙa ce ta gina shi ba kamar yadda mutane suke zato, ƙungiyar addini ce ta attajiran garin, masu haɗa kuɗi don addu'o'i da bukukuwa da jana'izar 'yan'uwansu. Bai yi shekara ashirin ba aka soke irin waɗannan ƙungiyoyi a 1547. Daga nan ginin ya ga duniya: ya zama gidan yari, ya zama gidan da ake tara matalauta a sa su aiki, ya zama rumbun ulu. Katakonsa ba baƙi ba ne irin na hotunan kalanda, fari-fari ne ruwan toka, don farar ƙasa ake shafe shi da ita gaba ɗaya. Daɓen ciki ba a daidaice yake ba kuma matakalar sama tana da ƙunci, ki goya jaririyar ki bar keken. Ki duba lokutan buɗewa a intanet kafin ku fita, suna canzawa da sanyi.

Autan Zaure
Anti ba ki faɗi na kyanwar ba!

Anti Malama
Kai dai ba ka mantuwa da shirme. E, akwai busasshiyar kyanwa a cikin gilashi, an samo ta a ɓoye a jikin wani tsohon gini a garin. Da can suna sa ta a bango ko rufi don korar mayu da sambatu. Ɗalibaina sun fi tsayawa a kanta fiye da komai.

Autan Zaure
Ashe su ma suna binne-binne. Kawai dai nasu an sa masa gilashi da tikiti 😂

Malam Azhari
Salamu alaikum. Little Hall da Malama ta ambata a wuce, ku shiga in a buɗe yake. Gidan wasu masu sana'ar yadi ne na ƙarshen ƙarni na 14, wasu tagwaye sojoji 'yan gidan Gayer-Anderson suka saye shi suka gyara tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu. Ɗayansu ya yi shekaru a Masar. Duk wanda ya yi karatu a Alƙahira ya san gidan tarihin da ke manne da masallacin Ibn Tulun, wanda ake kira Baitul Kiritliyya. To gidansa ne, sunansa yake ɗauke da shi. Na yi shekaru ina wucewa ta ƙofar wancan, ban taɓa zaton zan tarar da ɗaya rabin labarin a wani ƙauyen Suffolk ba. A cikin Little Hall akwai kayayyakin da suka kwaso daga tafiye-tafiyensu na gabas.

Maman Hanifa
Na gode ƙwarai. Cocin fa? A hoto na ga ya fi ƙarfin garin.

Anti Malama
Ya fi ƙarfinsa kam, da gangan. Hasumiyarsa ta haura mita 40, tun daga nesa za ku hango ta kafin ku ga gida ko ɗaya. An soma sake gina shi bayan yaƙin Bosworth na 1485, inda mai garin, John de Vere, ya jagoranci mayaƙan Henry Tudor, wanda ya zama Sarki Henry na 7, suka ci nasara, aka gama wajen 1525. Shi da attajiran yadi suka zuba kuɗin, musamman gidan Spring. Thomas Spring, wanda ya rasu a 1523, ana lissafa shi cikin mafi arziki a ƙasar in aka cire masu sarauta. Ki duba jikin hasumiyar: tauraron gidan de Vere da tambarin gidan Spring ko'ina, kowa yana so a san da kuɗinsa a ciki. Bangon kuma da dutsen ƙyastu aka yi, an fasa shi an jera fuskar mai sheƙi waje. In rana ta fito yana walƙiya.

Autan Zaure
Tambaya: ya halatta ma a shiga?

Malam Azhari
Malamai sun yi magana a kai kuma akwai saɓani, amma nan ba wurinta ba ne, ka same ni ta gefe. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, abin da Malama ta lissafa duk daga waje ake ganinsa.

Kawu Direba
Tunda dai kun nace sai an je, bari in ba da nawa. Ku tafi da guzurinku da darduma, ni ban ga masallaci ko mai naman halal a can ba. Shayi da biredi mai zaƙi dai kamar ƙasa. Kada ku bari yamma ta yi muku, shaguna suna rufewa da wuri.

Kuma abu ɗaya da ya taɓa ni a garin, ba gida ba ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu akwai sansanin jiragen yaƙin Amurka a bayan gari, a 1944 da 1945. Sojojin suna zuwa Swan, suka riƙa sa hannu a jikin bango, kuma an bar rubutun har yau. Na taɓa ɗauko wata mata da ɗanta daga filin jirgi, sun zo takanas daga Amurka neman sunan mahaifinta a bangon. Na jira su a waje fiye da awa. Da suka fito ba ta ce komai ba har muka kai Sudbury, sai share ido take yi. Ban tambaye ta ko ta samu ba.

Ɗan Karofi
Ashe dai Kawu ya san garin fiye da yadda ya nuna.

Kawu Direba
Sanin wuri daban, son sa daban. Ni har yanzu teku na ce.

Maman Hanifa
Jama'a mun je mun dawo, ga rahoto kamar yadda Shugaba ya ce a riƙa yi.

Da farko kamar Kawu zai ci gari. Muna sauka Hajiya ta ɗaga kai ta ga benen nan da ya turo kan titi, ta ja ni gefe da ƙarfi ta ce in matsa da 'yar mutane daga ƙarƙashin abin nan. Duk bayanin Injiniya na karanta mata daga waya, ta ce shi Injiniyan ya zo ya tsaya a wurin. A Water Street mun tarar da samari da 'yanmata sun yi layi suna ɗaukar hoto a ƙofar wani gida, wai ya fito a wani fim. Hajiya ta tambaya ko rabon wani abu ake yi.

Amma da muka shiga Guildhall ta ga abin kaɗi da masaƙa, sai ta yi shiru. Ta ce in tambayi matar da ke kula da wurin, su wa suke kaɗin? Matar ta ce mata ne a cikin gidajensu, attajiri ya kawo musu ulu, su kaɗa, ya dawo ya karɓi zare ya biya su ɗan abin da ya samu. Hajiya ta ce to ai wannan ita ce rayuwar kakarta, da mazari da alli da tasa a gaba, tun bayan sallar isha har fitila ta mutu, kuma ita ma ba ta taɓa ganin kuɗin rigar da aka saƙa da zarenta ba. Na fassara. Daga nan fa hira ta ɓarke tsakaninsu, ni ce tafinta, jaririya tana ta kuka a bayana, Baban Hanifa ya gudu lambu.

A lambun aka nuna mata woad. Ta nemi izini ta tsinki ganye ɗaya, ta murza a tafin hannu, ta shinshina, ta ce wannan baban nasu ba shi da jini a jika, da gaskiyar yaron nan Ɗan Karofi. Kyanwar kuwa ko kallo na biyu ba ta yi mata ba, a'uziyya kawai ta ja ta wuce.

Cocin daga cikin mota ta gan shi, ƙafar ta gaji. Mun ci dambunmu a wurin ajiye motoci, muka yi la'asar a gefen ciyawa.

Kawu Direba
To a ƙarshe me ta ce? Teku ko katako?

Maman Hanifa
Ta ce a gaya wa Kawu tekun ma tana so, Asabar mai zuwa, kuma tunda shi ya kawo shawarar shi zai zo da mota. Ganyen kuma yana nan ta ƙulle a bakin mayafi, wai za ta kai wa ƙaninta a Kano ya gani.

Injiniya
Ki dai ce mata kada ta bari jami'an filin jirgi su gani.

Kawu Direba
Ƙarfe goma zan iso. A soya mini kaza.